Mai Gadin da Ba Ya Amsa Sallama: Tsokaci a Kan Manhajar Rigakafi da Shirun Masu Ita

A shekarar 1986 wasu 'yan'uwa biyu mazauna birnin Lahore na ƙasar Pakistan, Basit da Amjad Farooq Alvi, suka rubuta wata 'yar manhaja mai kwafar kanta daga wannan faifai zuwa wancan, wadda ta shahara da sunan Brain. Masu bin tarihin na'ura suna lissafa ta a matsayin bairos na farko da ya kama kwamfutoci samfurin IBM. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a labarinta shi ne, waɗanda suka rubuta ta sun saka sunayensu da adireshin shagonsu da lambobin wayarsu a cikinta, domin wanda cutar ta kama ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. An kuwa neme su, har daga ƙasashen Turai da Amurka. Yau, bayan kusan shekara 40, mutum yakan biya kuɗin shekara ga kamfanin da ya ɗauki alkawarin kare shi daga irin wannan cuta, amma ranar da maganin ya zame masa ciwo, da wuya ya sami mutum guda mai suna da zai saurari kukansa.

Manufata a nan ita ce in yi tsokaci, a matsayina na mai koyar da Hausa wanda rabin aikinsa ya koma kan kwamfuta, a kan manhajar rigakafi, wadda masu gyara a kasuwa suke kira antibairos, da kuma yadda kamfanonin da suke yin ta suke magana da mu idan ta yi ɓarna. Abin da nake son tabbatarwa shi ne, kuskuren irin wannan manhaja abu ne da ba makawa daga gare shi, saboda haka hajar da muke saya ta haɗa har da bayanin da za a yi mana bayan kuskuren. Wanda ya hana mu wannan bayani ya tauye mana mudu. Masu aiki a kan harsuna irin namu kuwa su ne suka fi shan wannan tauyewa, bisa dalilan da zan kawo.

Yadda Mai Gadin Yake Gane Ɓarawo

Manhajar rigakafi tana da manyan hanyoyi uku na yanke hukunci a kan fayil. Hanya ta farko ita ce ta kamanni. Kamfani yakan tattara siffofin miyagun manhajojin da aka riga aka kama, ya aika wa kowace kwamfuta jerinsu, duk fayil ɗin da ya dace da wata siffa sai a cafke shi. Wannan jeri ba ya daɗewa bai tsufa ba. Cibiyar AV-TEST da ke Magdeburg a ƙasar Jamus ta ce tana ƙididdige sababbin miyagun manhajoji da makamantansu fiye da 450,000 a kowace rana. Shi ya sa ake sabunta jerin sau da yawa a yini, ba tare da an nemi izinin mai na'ura ba.

Hanya ta biyu ita ce ta ɗabi'a. Tun da ba kowane ɓarawo ne aka san fuskarsa ba, sai a sa ido a kan take-taken manhaja: shin tana sauraron abin da ake bugawa a madannai, tana sauya fayiloli da yawa a lokaci guda, tana tayar da kanta duk lokacin da aka kunna na'ura? Hanya ta uku ita ce ta sanayya, wato a tambayi wa ya san wannan manhaja, kwamfutoci nawa ne a duniya suke ɗauke da ita, yaushe ta fito, kuma ko tana da takardar shaidar mai ita, wadda ake saye da kuɗin waje a riƙa sabuntawa. Manhajar da miliyoyin mutane suke amfani da ita takan wuce ba bincike. Wadda mutum 30 kawai suka sani, ƙarancin masu saninta ma wani abin zargi ne.

Babu ɗaya daga cikin hanyoyin nan da ta kuɓuta daga kuskure, kuma an san haka tun da wuri. Fred Cohen, wanda ya yi bincikensa a Jami'ar Kudancin Kalifoniya a farkon shekarun 1980, ya nuna ta hanyar lissafi cewa ba za a taɓa samun wata manhaja da za ta bambance kowane bairos daga kowace manhaja mai lafiya ba tare da kure ba. Ke nan mai gadin yana tsakanin kurakurai biyu: ko ya saki ɓarawo, ko ya kama baƙon kirki. Idan aka tsananta don gudun na farko, na biyu sai ya yawaita. Ga shi kuma an ba shi ikon da ba a bai wa sauran manhajoji ba. Yana zaune a can cikin zuciyar babbar manhajar da ke sarrafa na'ura, yana iya ɗauke fayil ya killace shi mai shi yana kallo, kuma idan ya yi tuntuɓe, na'urar gaba ɗaya ce take faɗuwa.

Inda Baƙaƙe Masu Ƙugiya Suka Shigo

Duk wanda ya daɗe yana rubuta Hausa a kwamfuta ya san wahalar da aka sha a kan ɓ da ɗ da ƙ. An tsara allon madannan da ake sayar mana ne domin Ingilishi. Kafin Unicode ya yaɗu, salon rubutu irin Rabi'at da Abdalla, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar, su ne suka fitar da mu kunya, ta hanyar ɗora baƙaƙen namu a gurbin wasu alamomin da ba a cika bukata ba. Shi ya sa har yau idan aka buɗe tsohon kundi a na'urar da ba ta da wannan salo, sai a ga }asa a gurbin ƙasa, a ga ]aya a gurbin ɗaya. Unicode ya bai wa kowane harafi lambarsa ta dindindin, Windows ma ya zo da tsarin madannai na Hausa. Sai dai mai nazarin harshe yana bukatar fiye da haka. Yana son alamar karin sauti, da ta tsawon wasali, da wadda take bambanta ra-gare da ra-kaɗe, yana kuma son hanyar juya ɗaruruwan shafuka na tsohon salo zuwa sabo ba tare da bin su harafi-harafi ba.

Irin wannan bukata ba ta da kasuwar da za ta ja hankalin babban kamfani. Mu ne muke biya wa kanmu ita. A sashenmu, wani tsohon ɗalibinmu mai basira ya haɗa mana wata 'yar manhaja da AutoHotkey, wanda kayan aiki ne na kyauta da ake sarrafa madannai da shi. Da ita muke sa alamomin nan, da ita muke juya tsofaffin rubuce-rubuce. Masu amfani da ita ba mu kai hamsin ba.

Mai karatu zai riga ya hango matsalar. Domin ta yi aikinta, dole wannan manhaja ta saurari kowane madanni da aka taɓa, ta musanya wani harafi da wani, ta kuma tashi tare da na'ura. Waɗannan su ne ainihin take-taken manhajar leƙen asiri mai satar kalmar sirri. Ba ta da takardar shaida, ba kuma wanda ya san ta a wajen jami'armu. Ta faɗi a ma'aunin ɗabi'a, ta faɗi a ma'aunin sanayya. Masu AutoHotkey su kansu sun daɗe suna gargaɗin cewa manhajojin rigakafi sukan yi wa abin da aka haɗa da shi kamun kuskure.

Haka kuwa aka yi. A tsakiyar lokacin duba kundayen kammala karatu, manhajar rigakafin da muke biyan kuɗinta ta sabunta kanta, ta ɗauke 'yar manhajar tamu daga kowace kwamfuta da ke sashen, ta laƙaba mata wani suna na haruffa da lambobi wanda ba ya nuna laifin da ta yi. Idan aka fito da ita daga killace, kafin a gama jimla guda an sake kama ta. Akwai gurbin da aka tanada domin a ce wa mai gadin wannan ɗan gida ne, a ƙyale shi. Muka sa sunanta a wurin, ya ƙyale ta kwana biyu, da sabuntawa ta gaba ta zo sai ya manta. Wannan shi ne ainihin lahanin da ke jikin hajar, domin ta yi alkawarin bin umarni ta kasa.

Ban ga laifin mai gadi don ya tsayar da baƙon da bai sani ba. Abin da ya biyo baya shi ne ya ɓata mini rai. Na nemi adireshin da zan kai kuka, na tarar da fom. Na cika shi, na haɗa da fayil ɗin da cikakken bayanin aikinsa. Nan take amsa ta zo daga na'ura, da lambar koke da godiya da tabbacin cewa ina da muhimmanci a wurinsu. Bayan kwanaki wani ya rubuto yana shawartata in sabunta manhajar rigakafin, alhali sabuntawar ce ta jawo abin. Na mayar da bayani. Wani suna daban ya amsa, ya yi mini tambayoyin da amsarsu take cikin wasiƙata ta farko. Na sake amsawa. Daga nan sai saƙo ya zo cewa an rufe kokena, tare da roƙon in bayyana gamsuwata ta hanyar zaɓen taurari daga ɗaya zuwa biyar. Bayan kamar mako shida, wata rana muka lura an daina kama ta. Ba wanda ya ce mana an gyara, balle a faɗa mana abin da ya faru. Da ɗalibin namu ya ƙara mata alama guda ya fitar da sabon zubi, aka koma gidan jiya.

Ba Mu Kaɗai Ba

Da a ce mu kaɗai abin ya taɓa samu, da sai a ce ƙanƙantarmu ce ta jawo. Tarihin sana'ar ya nuna manya ma sun sha. A watan Mayu na 2007 wata sabuntawa ta kamfanin Symantec ta ɗauki wasu fayiloli biyu na Windows XP a matsayin muguwar manhaja, ta killace su, kwamfutoci suka kasa tashi. Abin lura shi ne, zubin Windows na harshen Sinanci ne abin ya shafa, na Ingilishi bai ji komai ba. Makonni bayan haka kamfanin ya yi tayin diyya, wato ƙarin shekara guda ta amfani da hajar da ta yi ɓarnar, da kyautar wata manhajarsa ta adana bayanai. Idan harshen da ya kai Sinanci yawan jama'a zai faɗa ta wannan rami, ina ga Hausa?

A ranar 21 ga Afrilu, 2010, sabuntawa mai lamba 5958 ta kamfanin McAfee ta zargi svchost.exe, fayil ɗin da Windows ba ya aiki sai da shi, da zama bairos. Kwamfutoci masu Windows XP suka shiga kashe kansu suna kunnawa ba ƙaƙƙautawa, suka kuma rasa hanyar shiga intanet, wadda ta nan ne gyaran zai iso gare su. A jihar Rhode Island ta Amurka asibitoci sun ɗage wasu ayyukan tiyata, a Kentucky an umarci 'yan sanda su kashe kwamfutocin motocinsu. Daga cikin bayanan farko da kamfanin ya fitar har da cewa abin bai shafi ko rabin kashi ɗaya cikin ɗari na manyan abokan cinikinsa ba, maganar da ta ƙara fusata ma'aikatan da suka kwana suna bin na'urori ɗaya bayan ɗaya. Daga baya ne ya amsa cewa akwai giɓi a gwajin da yake yi kafin sakin sabuntawa. A watan Satumba na 2012 kuma manhajar Sophos ta kama sashen jikinta mai karɓo sabuntawa, wato mai gadi ya ɗaure ɗan aiken da zai kawo masa labarin cewa ya yi kuskure.

Mafi girma shi ne na ranar Juma'a, 19 ga Yuli, 2024. Da ƙarfe 5:09 na safe agogon Nijeriya kamfanin CrowdStrike ya saki wani ƙaramin fayil na sabuntawa, ya janye shi da ƙarfe 6:27. A cikin waɗannan mintuna 78, kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 suka faɗi, bisa ƙiyasin Microsoft. Filayen jiragen sama da bankuna da asibitoci da gidajen talabijin suka tsaya a ƙasashe da dama. Kamfanin jiragen Delta shi kaɗai ya soke tashi kimanin 7,000 cikin kwana biyar. Gyaran kuwa sai da hannu: a je gaban kowace na'ura, a tayar da ita ta wata hanya ta musamman, a goge fayil ɗin. Saƙon farko da shugaban kamfanin, George Kurtz, ya fitar ya bayyana cewa ba hari ba ne, an gano matsalar, an kuma aika gyara, amma babu kalmar ban haƙuri a ciki. Sai daga baya a ranar ya nemi afuwa a gidan talabijin na NBC. Kwanaki kaɗan bayan haka aka aika wa wasu abokan hulɗa katin sayen abinci na dala 10, wasu ma da suka je amfani da shi suka tarar an toshe shi.

Adalci ne in faɗi abin da kamfanin ya yi daidai. A ranar 6 ga Agusta ya wallafa cikakken bayanin musabbabin abin: an tsara fayil ɗin a kan gurabe 21, manhajar da ke kan na'urori kuwa gurabe 20 take bayarwa, da aka nemi na 21 sai ta leƙa inda babu komai, ta faɗi da na'urar. Ya kuma yi alkawarin daina sakin sabuntawa ga kowa a lokaci guda. A watan Satumba wani babban jami'insa ya bayyana gaban kwamitin majalisar dokokin Amurka ya ba da haƙuri. Wannan ya tabbatar da cewa bayani mai gamsarwa abu ne mai yiwuwa, kamfanonin sun iya shi. Sai dai ya fito ne saboda miliyoyin na'urori sun faɗi, lauyoyi da 'yan majalisa sun tashi. Hatta cibiyar AV-Comparatives ta ƙasar Ostiriya, mai auna kamun kuskuren manhajojin rigakafi, tana karkasa kurakuran ne gwargwadon yawan masu amfani da fayil ɗin da aka zalunta, daga matakin waɗanda ba su kai ɗari ba har zuwa na miliyoyi. Ta fuskar ciniki wannan ma'auni yana da hujja. Amma sakamakonsa shi ne, duk kayan aikin da masu nazarin ƙananan fannoni suka ƙera wa kansu yana matakin ƙarshe: shi ne na farkon zargi, shi ne na ƙarshen samun amsa.

Nahawun Kauce wa Laifi

Akwai wani ɓangare na wannan al'amari da ya shafi fanninmu kai tsaye. Na tara wasiƙun da aka aiko mini, na gwada fassara su zuwa Hausa, sai na ga hannuna yana ta komawa kan sigogi biyu. Ta farko ita ce lamirin da ba ya nuna mai aiki: an lura, an samu rahoto, ana dubawa, za a tuntuɓe ka. Ta biyu ita ce aikatau ɗan aji bakwai a rabon da Parsons ya yi, wato mai ƙarewa da wasalin u: matsala ta auku, abu ya faru, lamarin ya gyaru. A duka sigogin biyu aikin yana nan, mai aikin ya ɓace. Kalmar "mun" ba ta fitowa sai a wurin godiya da yabon kai: mun gode, mun himmatu. Da an zo kan ɓarna sai a koma "an".

Bahaushe ya san amfanin wannan lamiri. Da shi ake sakaya sunan babba don ladabi, da shi matar aure take ambaton mijinta a gaban surukai, da shi ake yi wa yaro faɗa ba tare da an tozarta shi ba. Asalinsa kunya ce da kara. Amma Bahaushe ya kuma san bambancin yaron da ya ce "tulu ya fashe" da wanda ya ce "na fasa tulu", ya san wanda za a sake aike rafi a cikinsu. Idan wanda aka ba amana ya ari sigar kunya domin ya ɓoye hannunsa, ya juya ladabi ya zama mafaka. Kirk-Greene, a laccarsa ta Mutumin Kirki da aka buga a 1974, ya sa gaskiya da amana cikin siffofin da Hausawa suke auna mutum da su. A ganina ba a raba su a irin wannan hali, domin wanda aka ba tsaron dukiya, gaskiyar da ake bukata daga gare shi ita ce ta ranar da tsaron ya ɓaci.

Malamanmu na zaure ma sun yi maganar. A fiƙihun Malikiyya, wanda aka bai wa ajiya ba ya biya idan ta salwanta ba da sakacinsa ba. Amma mai sana'a da ya karɓi kayan mutane ya shige da su inda ba sa gani, kamar maɗinki ko marini, an ɗora masa lamuni, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid ta kawo wannan hukunci. Hikimar a fili take. Mai kaya ba shi da hanyar sanin abin da ya gudana a bayan labule, saboda haka nauyin bayani ya koma kan wanda ya gani. Manhajar rigakafi ta fi kowane marini shigewa da kayanmu bayan labule. Duk da haka yarjejeniyar da muke latsa amincewa da ita ba tare da karantawa ba takan ce an sayar mana da hajar a yadda take, kuma idan an yi asara, diyya ba za ta wuce abin da aka ƙayyade ba. Ko Delta, da ya ce ya yi asarar kimanin dala miliyan 500, lauyoyin CrowdStrike sun amsa masa cewa yarjejeniyarsu ta taƙaita diyya a ƙasa da dala miliyan 10. Idan an toshe ƙofar diyya, bayani ne kaɗai ya rage wa mai ƙaramin ƙarfi. Idan shi ma aka hana shi, to me ya saya?

Abin da Shirun Yake Jawowa

Wani zai ce mako shida ba tare da 'yar manhaja ba ai ba tashin duniya ba ne. Abin da na gani da idona a cikin makonnin nan shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ɗalibai suna da ranar miƙa kundi, ba za su jira wasiƙar da ba ta zuwa ba. Sai suka kasu biyu. Kashi na farko suka kashe manhajar rigakafin ɗungurungum domin su sami damar aiki. Waɗannan ɗalibai su ne masu yawo da filas daga shagon buga takardu zuwa wani, inda bairos mai ɓoye fayiloli ya mayar da su gajerun hanyoyi yake jiran kowa. A cikin irin waɗannan na'urori akwai muryoyin tsofaffin da aka yi hira da su a ƙauyuka, masu tatsuniya da makaɗa da masu tarihin gari, waɗanda wasunsu sun riga mu gidan gaskiya. Littafi idan ya ɓata a sayi wani. Hirar da aka yi da mamaci ba ta da na biyu. Mai gadin da ya yawaita kama 'yan gida yana koya wa masu gida su sallame shi, ranar da ɓarawon gaske zai zo kuwa ƙofa a buɗe take.

Kashi na biyu suka bar manhajar rigakafin, suka haƙura da alamomin. Na karɓi babi-babi da aka rubuta kafa a gurbin ƙafa, baki a gurbin baƙi, bari a gurbin ɓari, misalan karin sauti kuwa ba alama ko ɗaya. Mun shafe shekaru muna yaƙi da wannan sakaci a jaridu da kafafen sada zumunta, muna ce wa ɗalibai ƙugiya ba ado ba ce. Sai ga wata manhaja da aka rubuta a wata nahiya, wadda masu ita ba su taɓa jin labarin ƙa'idojin rubutun Hausa ba, ta sa bin ƙa'idar ya fi saɓa mata wuya. Ba da niyya suka yi ba, na yarda. Amma da sun amsa wasiƙa ɗaya da jimla biyu, cewa kuskure ne daga wurinsu kuma ga ranar da za a gyara, da na sami abin da zan faɗa wa ɗalibaina su yi haƙuri a kansa.

Abin da Ya Kamata

Abin da nake nema daga kamfanonin ba shi da yawa. Idan aka kama fayil, a faɗi dalili da harshen da mutum zai fahimta: an ga kamanninsa a jeri ne, ko ɗabi'arsa ce ta ba da tsoro, ko kuwa rashin saninsa ne kawai? Waɗannan hukunce-hukunce uku ba nauyinsu ɗaya ba, bai dace a sa musu jan launi iri ɗaya ba. Idan mai na'ura ya ce a ƙyale abu, a ƙyale shi har sai ya janye maganarsa. Idan aka kai koke, ya zauna a hannun mutum ɗaya da zai karanta abin da aka rubuta. Idan kuma an gyara, a sanar da wanda ya kawo kukan. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Mu ma akwai abin da ke hannunmu. Tun da ma'aunin sanayya ne yake kayar da kayan aikinmu, to mu daina barin su a warwatse, kowane sashe da 'yar manhajarsa da ba wanda ya sani. Cibiyoyin nazarin harsuna na jami'o'inmu, na Nijeriya da na Nijar, suna iya haɗuwa a kan kayan aiki guda na rubuta Hausar nazari, a fitar da shi da sunan cibiya, a saya masa takardar shaida, a buɗe asalin rubutunsa ga mai son dubawa. Akwai ma tsarin Keyman na ƙungiyar SIL, wanda kyauta ne kuma an gina shi domin harsuna irin namu, ana iya ɗora tsarin madannanmu a kansa mu ci albarkacin sanin da aka yi masa. Kamfanonin rigakafi da dama suna da hanyar da mai manhaja zai miƙa ta a tantance kafin ya rarraba, kuma shafin VirusTotal yana nuna wa mutum hukuncin manhajojin rigakafi kusan 70 a kan fayil ɗinsa cikin 'yan mintuna. Idan jami'a za ta sayi lasisi na ɗaruruwan na'urori, ta sa sharaɗi a rubuce cewa za a ba ta jami'in da za ta riƙa tuntuɓa da wa'adin amsa koke. Malami ɗaya ba ya da bakin wannan magana, amma mai sayen ɗari biyar yana da shi.

Daga ƙarshe, duk muryar da aka ɗauko daga bakin dattijo, a ajiye ta wuri uku kafin a fara rubuta ta, ɗaya daga ciki a faifan da ba ya haɗe da kowace na'ura. A sa wannan cikin darasin dabarun bincike, a tambayi ɗalibi a kansa ranar da yake kare tsarin bincikensa, kamar yadda ake tambayarsa ra'in da ya ɗora aikinsa a kai.